Komadugu Yobe

Komadugu Yobe gulbi ne da ke gangarawa Tabkin Cadi daga yamma. Da Barbarci kalmar komadugu gulbi take nufi. Ga mutumin Damagaram, wanda ya saba da korama da tabkunan damina, abin da ya fi ɗaure kai game da wannan gulbi shi ne lokacin cikarsa: sai an gama girbin hatsi, ƙasa ta bushe, sannan yake tumbatsa a Difa.

Mafari da hanya

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Difa ba a Nijar aka yi yawancinsa ba. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, Kogin Haɗeja kuma daga ƙasar Kano, inda Kogin Kano da Calawa suke haɗuwa. Su biyun suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su sake tattaruwa kusa da Gashuwa, daga nan ne ake kiran gulbin Yobe. Yana bi ta Gaidam, Komadugu Gana ya same shi wajen Damasak, ya zama iyakar Nijar da Najeriya na kimanin kilomita 150, ya faɗa tabki tsakanin Boso da Malam Fatori. Koramun Matamaye da Magarya su ma wannan kwari suka nufa, amma rairayi ya toshe musu hanya, da wuya ruwansu ya isa.

Dalilin jinkirin ruwa

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. Tabkin Cadi yana kan tsayin mita 280 ko kusa da haka daga teku, Gashuwa kuwa ba ta fi shi da abin da ya wuce mita 60 ba. Tsakaninsu kuwa ɗaruruwan kilomita ne, wato a tafiyar kilomita guda gangaren bai fi taƙi ɗaya ba. Ruwan da bai samu gangare ba ba ya sauri: yana lanƙwasa, yana cin gaɓar waje yana zuba yashi a ta ciki, har wata rana ya yanke lanƙwasar ya bar tabki mai siffar baka. Kafin ya ci gaba sai ya cika kowace fadama da kowane tabki da ke gefensa. Shi ya sa ruwan Agusta na Jos da Kano ba ya kai ƙololuwarsa a Difa sai wajen Nuwamba ko Disamba. A can gulbin yakan fara gudu a Yuli, ya yanke wajen Fabrairu ko Maris, ya bar gurabun ruwa jefi-jefi a cikin yashi.

A hanya yana asara mai yawa. Rana da iskar hunturu suna sha, ciyawa tana sha, ƙasa tana tsotsewa. Abin da ke isa tabki kaɗan ne, domin sama da kashi 90 cikin 100 na ruwan koguna da Cadi ke samu daga Shari da Logon yake. Amma wanda ƙasa ta tsotse bai ɓata ba: shi ne mai lambu ke tararwa da rani idan ya haƙa ƴan gabā kaɗan a bakin gulbi.

Madatsun ruwa da kacala

An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, duka a ɓangaren Haɗeja. Sun rage babbar ambaliyar damina, suka sa ruwa kaɗan-kaɗan yana zuwa har da rani. A ido abin alheri ne, sai dai tsohuwar ambaliya ita ke wanke laka daga hanyoyin ruwa, bushewar rani kuma ita ke kashe ciyawa. Da aka rasa duka biyun, kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama. Saiwarta tana riƙe laka, lakar tana ɗaga gindin kogi, ruwa ya bar hanyarsa ya malale wajen Nguru. Yau abin da Difa ke samu ya fi dogara ga Jama'are, wanda madatsar Kafin Zaki da aka tsara masa ba a kammala ta ba.

Amfani da haɗari

A bakin gulbi ana noman tattasai, albasa da shinkafa, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Busasshen tattasan Difa da bandar kifi suna isa kasuwannin Damagaram ta babbar hanyar Gure. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan shayarwa ba magudana: ruwan ƙasa ya taso, ya ƙafe, ya bar farin gishiri da kanwa a kan kunya, shuka ta ƙone. Ambaliya kuwa, irin ta 2019, 2022 da 2024, tana zuwa ne sama garau ba ko hadari, ta fasa shingen ƙasa a inda ɓera ko gara suka huda shi, ta ci gidajen da aka gina a tsohuwar hanyar gulbi.