Wai mene ne Group Policy, kuma me ya sa yake ƙin aiki?

Idan ka taɓa zama a kwamfutar ofis ka so canza hoton allo ta ƙi, ko ka soka filash ta yi kamar ba ta gan shi ba, to ba aljanu ba ne, Group Policy ne ya riƙe maka hannu. Dokokin gida ne kawai, mai kula da kwamfutoci zai rubuta su sau ɗaya a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke kula da sauran, sauran kwamfutocin da ke cikin domen, wato rukunin kwamfutocin da ke ƙarƙashinta, su bi. Microsoft ta kawo shi ne da Windows 2000 tare da Active Directory, rajistar mutane da kwamfutocin domen, kuma kowane kundin doka ana ce masa GPO.

Abin da yawanci ba a gane ba, saba ba ta kai wa kowa doka. Kwamfutar ce ke zuwa ɗauka da ƙafarta, in an kunna ta, in mutum ya shiga da sunansa, sai kuma duk minti 90 da ɗan ƙarin da bai wuce minti 30 ba don kada su taru wa saba a ka lokaci ɗaya. Shi ya sa za ka ga wani ya saka doka yanzu-yanzu ya fara kumfar baki wai ba ta aiki, haba malam, ka ɗan jira mana, ko ka buga umarnin gpupdate /force don ta je ta ɗauko nan take.

To in ka buga ɗin ma ta ƙi, ni dai ba na fara zargin dokar, hanyar nake dubawa. Na farko DNS, wato mai nuna wa kwamfuta adireshin saba daga sunanta. Sau nawa wani gwani zai zo ya sa DNS ɗin Google, 8.8.8.8, a kwamfuta wai don intanet ya yi gudu, shi kenan ta manta hanyar sabarta, tunda Google bai san domen ɗin ofishinku ba. Sai agogo, Kerberos, mai tantance shiga domen, ba ya yarda in bambancin lokaci tsakanin kwamfuta da saba ya wuce minti 5, kuma tsohuwar kwamfuta da batirinta na ciki ya mutu, da an ɗauke wuta an dawo sai ka ga kwanan watanta ya koma shekarun baya. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakuran da suka faru, in ka ga lambar 1129 ba ta samu saba ba ne, 1058 kuma ta je amma ta kasa karanta fayil ɗin gpt.ini a cikin SYSVOL, foldar saba da ake ajiye dokokin.

In hanya lafiya lau, sai gpresult /r, shi zai faɗa maka wace doka ta shiga, wacce aka hana. Dokokin suna bin layi ne, na kwamfutar kanta, na site, wato wurin da ofis yake, na domen, sannan na OU, wato ƙaramin rukuni a cikin domen, kuma in sun yi karo na ƙarshe ke cinyewa. Akwai kuma tarkon 2016, tun daga gyaran tsaro na Microsoft mai lamba MS16-072 da sunan kwamfuta ake karanto dokar mutumin da ya shiga, saboda haka wanda ya cire Authenticated Users, rukunin da ya haɗa mutane da kwamfutocin domen, daga dokar gaba ɗaya bai bar wa kwamfutoci izinin karantawa ba, dokarsa za ta yi shiru kawai.

Af, in laftof ɗin da oga ya sayo a kasuwa Windows Home ce a kai, kada ma ka wahalar da kanka, ba ta shiga domen sam sai an mayar da ita Pro.