Lofe mai sunan kanti

Lofe mai sunan kanti shi ne lofen shan taba da ake buga wa tambarin shagon da ke sayar da shi, alhali wata masana'anta ce daban ta sassaƙa shi. Mai shago zai ba kamfani oda a yi masa guda kaza, a buga sunansa a jiki, shi kenan kaya ya zama nasa. Abin ya yi tashe sosai a ƙarni na 20 musamman a Amurka, inda shagunan taba irin su Wally Frank na New York da Tinder Box da Iwan Ries na Chicago (wanda ke nan tun 1857) suka riƙa sayar da lofe da sunayensu.

To su wa ke yin aikin? Yawanci dai su ne manyan da aka sani. Garin Saint-Claude da ke yankin Jura a Faransa ya fara sassaƙa lofe da icen briar tun wajajen shekarun 1850, kuma masana'antun garin sun daɗe suna yi wa wasu aiki ba tare da sunansu ya fito ba, haka ma na arewacin Italiya, haka ma Comoy's na Landan da ya yi wa shagunan Amurka lofe da yawa. Su kansu masu sunan suna da tarihi mai tsawo, Peterson na Dublin asalinsa tun 1865, Savinelli ya fara da shago a Milan a 1876, Alfred Dunhill ya buɗe nasa a Landan a 1907 ya fara ƙera lofe a 1910.

Sirrin abin yana cikin icen ne. Briar kullutu ne da ke fitowa a gindin wata ƙaramar bishiya mai suna Erica arborea da ke tsirowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika, ana tono shi a yanka a dafa a shanya na tsawon lokaci, kuma tunda a cikin ƙasa ya girma sai ka ga tsakuwa ko ɗan rami ko tsaga a ciki, wanda ba mai ganinsa sai an fara sassaƙa. Daga nan sai a tantance. Wanda ya fito sumul da zane mai kyau shi ake ba babban suna da babban kuɗi, mai tabo kuma a toshe ramin da ciko a shafa masa launi mai duhu ko a yi masa kaushi don kar a gani, a tura shi ga shaguna ko a ba shi wani suna na biyu. Dunhill ma haka ya yi a shekarun 1920 da ya kafa Parker don sayar da waɗanda ba su kai a sa musu farin ɗigon da yake sa wa lofensa a matsayin tambari ba.

Saboda haka bambancin ya fi yawa a kyan gani da gamawa, irin yadda aka goge bakin da yadda aka daidaita hudar iska, kuma nan ɗin ne ake yi wa mai araha gaggawa. Idan hudar ta zauna daidai a ƙasan ramin taba, mai sunan kanti zai ja lafiya kamar ɗan'uwansa mai tsada, idan ta karkace kam sai jiƙewa da ƙarar ruwa. Illa ga lafiya kuwa ba ruwanta da tambari, hayaƙin duk ɗaya ne.

Wannan tsari ba na lofe kaɗai ba ne, kantin Costco na Amurka na sayar da batir da sunan Kirkland Signature alhali Duracell ke yi, kuma kamfanoni ba su cika son a san wa suke yi wa aiki ba don kar kayan su yi gasa da nasu.

Masu tara tsofaffin lofe kan gano asalin ta lambar siffa da aka buga a jiki, don sau da yawa masana'anta ba ta canza lambarta ko da sunan wani ta buga, da kuma salon hatimin ƙasar da aka yi shi. Har babban suna ma yanzu ba tabbas ba ne na inda aka yi abu, Stanwell sunan Denmark ne amma wajen 2010 aka mayar da aikinsa Italiya.