Mece ce ma'anar adireshin rajista na kamfani, kuma wane ne wakilin rajista?

Duk wanda ya je yi wa kamfaninsa rajista a Hukumar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, za a tambaye shi adireshin ofishin rajista. Mutane da yawa sukan cike wurin da duk abin da ya zo musu baki, alhali nan ne inda doka take neman kamfani. Sammacin kotu, takardar haraji, wasiƙar CAC, duk can za a kai su. Idan an ajiye takarda a wurin, a idon doka ta isa hannun kamfani, ko mai shi ya gani ko bai gani ba.

Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ba ta yarda da akwatin gidan waya a matsayin wannan adireshi ba. Dole ne ya zama wuri na zahiri a cikin Najeriya: lambar gida ko shago, sunan titi, unguwa, ƙaramar hukuma da jiha. Rubuta "bayan babban masallaci, Jega" kaɗai matsala ce, domin banki zai turo mai duba adireshi kafin ya buɗe asusun kamfani, kuma yakan nemi takardar kuɗin wuta mai ɗauke da wurin.

Ba tilas ba ne adireshin ya zama inda ake aikin. Mai injin casar shinkafa a Argungu zai iya sa ofishinsa na Birnin Kebbi, matuƙar akwai mutum a wurin kullum da zai karɓi takarda, ya sa hannu, ya kira maigida nan take. Wannan shi ne ma'aunin zaɓi. Shagon haya da wa'adinsa ya kusa ƙarewa bai dace ba. Gidan ɗan'uwa ma akwai haɗari, don yaro zai iya karɓar sammaci ya cusa a ƙarƙashin tabarma, ranar zaman kotu ta wuce, a yanke hukunci a bayan idon kamfani. Idan aka tashi daga wurin, doka ta ba da kwana 14 a sanar da CAC. Haka kuma ana son sunan kamfani da lambar rajistarsa su fito a rubuce a ƙofar ofis.

Shi kuwa wakilin rajista, tsarin Amurka ne. A kusan duk jihohin can, kamfanin LLC, wato kamfanin da bashinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi, sai ya naɗa mutum ko kamfani mai adireshi na zahiri a jihar da aka yi rajistar, kamar Delaware ko Wyoming, wanda zai kasance a wurin a lokutan aiki don karɓar takardun kotu da na hukuma. Matasanmu masu sana'a ta intanet da ke buɗe irin wannan kamfani suna biyan wakilin duk shekara; idan kuɗin ya yanke, wakili ya janye, jihar na iya rushe kamfanin.

Kada a haɗa wakilin rajista da ejan ɗin CAC na nan gida, wato lauya ko akanta ko ƙwararren sakatare da hukumar ta tantance. Aikinsa shigar da takardu. Abin da za a kiyaye da shi: kada ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa a madadin na kamfani. Ranar da kuka rabu, saƙonnin hukuma wurinsa za su ci gaba da zuwa, kai kana Kamba ba ka da labari. Tun a ranar rajista a duba abin da ya cike, a karɓi takardar shaida da rahoton matsayin kamfani a karanta adireshin layi-layi.