Me ake nufi da "shtetl"?

Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran Yahudawan da suka yi ƙaura daga Gabashin Turai zuwa Amurka, sai ya ci karo da kalmar shtetl. Daga Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, ta fito. Shtot shi ne birni, shtetl kuwa ɗan ƙaramin gari ne mai kasuwa a tsakiyarsa, da wurin ibada da makarantar yara, inda Yahudawa suke da yawa, a wasu wuraren ma su ne suka fi rinjaye. Ba ƙauyen noma ba ne. Manoma Kiristoci na kewaye ne ke kawo hatsi ranar kasuwa, mutanen garin kuma teloli ne da dukawa da 'yan tireda.

Irin waɗannan garuruwa sun bazu a Polan, Lituwaniya, Yukren da Belarus, galibi a yankin da daular Rasha ta killace Yahudawa daga 1791 zuwa 1917. Bayan kisan Sarki Alexander na Biyu a 1881 aka yi ta kai musu farmaki, ga kuma talauci. Kafin 1924, kimanin miliyan 2 sun tsallaka Amurka. Abin da ya rage, 'yan Nazi suka shafe shi a Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga nan kalmar ta sauya ma'ana, ta koma sunan gidan da ba a iya komawa. Marubucin Yidish Sholem Aleichem, wanda ya rasu a New York a 1916, ƙirƙirar garinsa ya yi, ya raɗa masa suna Kasrilevke. Marubuci Isaac Bashevis Singer kuwa ya zauna a Biłgoraj, wani irin wannan gari a Polan, yana saurayi, ya bar Polan a 1935, amma ya ci gaba da rubutu da Yidish, yana cika labaransa da malamai da aljanu da 'yan gulma, har ya samu lambar yabo ta Nobel a 1978.

A ganina sai mai karatu ya yi hattara, domin kewa gwanar kwalliya ce. Su kakannin, taɓo da yunwa da tsoro suka gudu suka bari, su kuwa jikokin da ba su jin Yidish, kyandir ɗin da ake kunnawa daren Asabar, ranar hutun Yahudawa, suke hangowa. Shi Singer bai ɓoye munin ba: akwai hassada da zalunci a garuruwansa. Biłgoraj ɗin tana nan a Polan har yau, sai dai babu al'ummar da ya rubuta labarinta.