Ajandar zaman kwamitin gudanarwa: me za a sa, me za a bari?

A Maradi ƙungiyoyi ba su ƙirguwa: na manoman aya da gyaɗa, na masu safarar kaya ta Ɗan Issa zuwa Katsina, ga asusun mata irin na Mata Masu Dubara da aka fara a wannan yanki a 1991. Kowace na da kwamitin gudanarwa, amma sau da yawa a wuni ana zama a tashi ba a tsai da komai ba. Matsalar takan fara ne daga takardar ajanda.

Wa ke tsara ta?

Shugaban kwamiti, tare da magatakarda da darakta. Sai dai ba mallakinsa ba ce. A kamfanonin hannun jari, dokar OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka) da Nijar ke bi ta ba kashi ɗaya cikin uku na membobin kwamiti ikon kiran zama da ajandarsu in an wuce wata 2 ba a zauna ba.

Me ya kamata ya zo farko?

Bayan addu'a, a ƙirga mahalarta, domin a waccan doka sai rabin membobin kwamiti sun halarta shawara take tabbata. A amince da rahoton zaman baya a gurguje, sannan a shiga batu mafi nauyi tun hankali na kwance. Mu kan yi akasin haka: mu cinye safiya da gaishe-gaishe da karatun rahotanni, maganar bashin banki ta zo ana kiran azahar, Alhaji wane yana duba agogo domin motarsa na jiran lodi. A haka ake amincewa da miliyoyin sefa da "to, Allah ya sa alheri".

Yadda ake rubuta batun ma yana da muhimmanci. In an rubuta "Taki" kurum, kowa zai kawo labarin gonarsa. A rubuta: "Shin mu sayi taki buhu 400 kafin damina, kuma daga wane asusu?" A gefe a sa sunan mai gabatarwa, da mintocin da aka ware masa, da ko ƙuri'a ake nema ko sanarwa ce kawai.

Batutuwa nawa suka isa?

A ganina, manya uku. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma sha biyu.

Yaushe za a aika da ita?

Ƙa'idojin ƙungiya ne ke yanke wa'adi. In sun yi shiru, mako guda ya wadatar. A haɗa da lissafin ma'aji. Tunda takardun da Faransanci suke zuwa, kuma ba kowane dattijo ke karanta shi ba, magatakarda ya tura saƙon murya da Hausa ta WhatsApp yana bayanin kowane batu. A kauce wa ranar kasuwa.

"Sauran batutuwa" fa?

Nan ne ake shigo da abin da ba a son a yi masa nazari, kamar ƙarin alawus ko ɗaukar ɗan wani aiki, lokacin da kowa ya gaji. A tambayi masu su tun buɗe zama, a rubuta. Wanda ya shafi kuɗi ko muƙami a ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, zai shiga ajandar zama mai zuwa." Kafin addu'ar tashi, magatakarda ya karanta abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa kowane aiki, da ranar da zai kawo bayani.