Garni, Geghard da Tafkin Sevan

Garni, Geghard da Tafkin Sevan wurare uku ne na tarihi a ƙasar Armeniya da suke kusa da Yerevan, babban birnin ƙasar, ta yadda mai sammako zai iya kewaya su ya dawo kafin dare.

Haikalin Garni yana kimanin kilomita 28 gabas da Yerevan, a bakin kwazazzabon kogin Azat. An gina shi da baƙin dutsen aman wuta bisa salon Girkawa da Romawa, da ginshiƙai 24. Yawancin masana suna danganta shi da Sarki Tiridates na I, wajen shekara ta 77 miladiyya, suna cewa don bautar Mihr, gunkin rana, aka gina shi. Da ƙasar ta karɓi Kiristanci, a shekara ta 301 bisa riwayar cocinta, an rushe wuraren bautar gumaka, amma Garni ya tsira. Wannan ne ya sa wasu masana suke ganin tun asali kabarin sarauta ne. Girgizar ƙasa ta 1679 ce ta kayar da shi, duwatsunsa suka yi kusan shekara 300 a warwatse, har aka sake ɗora su tsakanin 1969 da 1975 a ƙarƙashin jagorancin Alexander Sahinian. A gefensa akwai kufan gidan wanka, inda aka rubuta da Girkanci a daɓen ƙasa cewa an yi aikin ba a sami komai ba.

Daga nan zuwa Geghard bai wuce kilomita 10 ba, kuma nan ne ya fi cancantar a daɗe. Gidan zuhudu ne da ake cewa Gregory Mai Haskakawa, waliyyin da ya jagoranci shigar Armeniya Kiristanci, ya kafa a ƙarni na 4 kusa da wata maɓuɓɓuga a cikin kogo, shi ya sa sunansa na farko Ayrivank, wato gidan zuhudu na kogo. Babbar majami'ar da ke tsaye yanzu ta 1215 ce. Daga baya sarakunan gidan Proshian suka sa aka sassaƙe wasu majami'u da makabarta a cikin dutsen kansa, ba tubali ba yaɓe. Haske yana shigowa ta wata 'yar kafa a tsakiyar rufi, ruwan maɓuɓɓugar kuma har yau yana gudana a ɗaya daga cikin ɗakunan, mutane suna ɗiba don neman tabarraki. Sunan Geghard yana nufin mashi: a imanin Kiristocin ƙasar, a nan aka adana mashin da aka soki Yesu da shi, wanda yanzu yake Etchmiadzin, cibiyar cocin Armeniya. UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2000. A bakin ƙofa mata suna sayar da gata, wani zagayayyen burodi mai zaƙi.

Sevan yana arewa maso gabas da Yerevan, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Tafki ne na ruwan daɗi a kan tsaunuka, mita 1,900 sama da teku, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,240. Koguna 28 suke zuba masa ruwa, Hrazdan kaɗai yake fita. Tun daga 1933 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka riƙa jan ruwansa don noman rani da wutar lantarki, har ya ja baya da kusan mita 20. Kifin ishkhan da aka san tafkin da shi ya kusa ƙarewa, sai a 1981 aka kammala wani rami mai tsawon kilomita 48 da ke kawo ruwa daga kogin Arpa.

Ɓarnar ta taɓa gidan zuhudun Sevanavank, wanda Gimbiya Mariam, 'yar Sarki Ashot na I, ta kafa a 874. A da tsibiri ne, sai da kwalekwale ake isa. Da ruwa ya janye, tsibirin ya haɗe da gaɓa, yau mota tana kai mutum har gindin tudun, ya hau matakala fiye da 200 zuwa majami'u biyu na baƙin dutse da suka rage.