Waiwaye: Yadda Rumbun Ikilisiya Ya Koma Asusu

A 'yan watannin nan da wuya mutum ya shiga majami'a a jihar Katsina, ko a cikin birni ko a ƙauyukan Malumfashi da Kafur, bai ji an tsawaita sanarwa a kan kuɗi ba. Ma'aji yakan tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya ambaci man janareta da albashin fasto da kason da gunduma, wato hukumar da ke kula da ikilisiyoyin yankin, take jira, sannan ya roƙi 'yan'uwa su ƙara himma wajen baiko da zakka. Da an tashi sujada sai gardama ta koma gindin bishiya, wasu suna cewa maganar kuɗi ta cinye lokacin wa'azi, wasu kuma suna cewa hannun jama'a ne ya yi sanyi. Kusan kowa yana danganta abin da tsadar rayuwar da ta tsananta tun 2023. Tsadar ta ƙara wa ciwon zafi, babu shakka, amma ciwon ya girme ta da shekaru kusan hamsin.

Farkon labarin sananne ne. Mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission na Turawa masu yaɗa bishara, ya soma a 1893, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma a shekarun 1930 ɗin ne aka ba 'yan mishan damar kula da masu ciwon kuturta a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. Daga baya bishara ta samu karɓuwa a cikin Maguzawan kudancin lardin Katsina, aka kafa ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, a 1954. Tun wancan lokaci ana koyar da cewa ikilisiya ta mulki kanta, ta yaɗa bishara da kanta, ta kuma ɗauki nauyin kanta.

Sai dai ɗaukar nauyin kai a wancan zamani yana da ma'anar da ta sha bamban da ta yau. Majami'ar ƙasa ce da jinka, mutane suka kwaɓa suka gina da hannunsu. Mai bishara manomi ne kamar kowa, ana yi masa gayya a gonarsa, idan kaka ta yi kuma kowane gida ya kai damin gero ko dawa a zuba a rumbun da ke bayan ɗakinsa. Mata suna kawo daddawa da kuka da itacen girki. Sauran ɗawainiyar, wato mota da magani da littattafai da horar da ma'aikata da albashin Turawan kansu, daga majami'un Kanada da Amurka da Ingila take fitowa, kuma ba a taɓa karanta lissafinta a gaban jama'a ranar Lahadi ba. Mutumin ƙauye ya ga dami ya isa, domin bai san akwai wani aljihu da yake biyan abin da dami ba ya biya ba.

Wurin da aka fi tsallakewa idan ana wannan magana shi ne tsakiyar shekarun 1970, alhali a nan ne al'amarin ya juya. A cikin shekaru huɗu kacal abubuwa suka taru. A farkon 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A wannan shekarar fari ya cinye amfanin gona a arewa, rumbuna suka zama wayam. Ba a daɗe ba aka yi ƙarin albashin da aka fi sani da Udoji, farashin kaya ya tashi, saurayin da ya iya karatu kuma ya ga cewa malamin firamare yana karɓar kuɗi a ƙarshen wata, shi kuwa mai bishara yana jiran kaka. Sannan a 1976 SIM ta miƙa ragamar ayyukanta ga ECWA. An yi murna da wannan, kuma murnar ta dace, domin ɗa ne ya karɓi gidan ubansa. Abin da aka gāda shi ne gine-gine da makarantun Littafi Mai Tsarki da tsarin ofis, amma aljihun da yake ciyar da su bai biyo cikin gādon ba.

Daga nan ne fasto ya zama ma'aikaci mai albashi wanda ake yi wa canjin wurin aiki, kuma wanda za a iya ɗauke shi bayan 'yan shekaru ba ya dogara da gonar da ya sha wahalar sa mata taki. Ikilisiyar ƙauye ta fara aika kaso zuwa sama da tsabar kuɗi, domin ba a biyan kuɗin makarantar ɗalibin fasto da dami. Wato ɗawainiya ta koma ta wata-wata, bayarwa kuwa ta tsaya a kan kaka, wadda sau ɗaya take zuwa a shekara. A ganina giɓin da ake kuka da shi yau a nan aka haife shi. An yi ta wa'azi a kan Malakai 3:10 da kawo zakka cikin ɗakin ajiya, amma ba a cika zama da manomi a nuna masa a takarda nawa ake bukata kafin a buɗe ƙofar majami'a na wata guda ba. Shi kuwa ɗakin ajiya a tunaninsa rumbu ne, kuma ya san ya zuba nasa. Har yanzu akwai tsofaffin da idan aka yi maganar zakkar wata sai su ce, “Ai mun ba Ubangiji nasa tun da kaka.” Ba rowa ce take sa su faɗi haka ba, tsarin da suka taso a ciki ke nan.

Abin da ya biyo baya nauyi ne a kan nauyi. Darajar naira ta faɗi daga 1986. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika majami'un birni, baikonsu ya rufe giɓin na wani lokaci, har aka saba da kwano da siminti da lasifika da fanka, waɗanda kowannensu yana da cinsa. Angalika ta samu dayosis, wato yankin da bishop yake kula da shi, a Katsina a 1990, Katolika kuma a 2023 bayan an cire ta daga Sakkwato, kuma kowane sabon ofis yana zuwa da motarsa da ma'aikatansa. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya hana noma a wurare da dama na kudanci da yammacin jihar, har godiyar kaka, wadda a da take riƙe ikilisiya watanni, ta ragu zuwa 'yan tiyoyi.

Na taɓa tsayawa bayan sujada a wata majami'ar ƙauye ina kallon dattawa biyu suna ƙirga baiko a kan benci. Takardun naira 20 da 50 ne suka fi yawa, duk a dunƙule, ana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. Da suka gama, ma'aji ya ware kason gunduma ya ɗaure da kyauro, ya ware na mai, ya daɗe yana duban abin da ya rage wa fasto. Ta taga ana hango tsohon rumbun, jinkarsa ta zube, an jingina karyayyun bencina a jikinsa. Wata mata daga zumunta ta shigo da kwaryar masara a ka, ta tambaya inda za ta juye, sai ɗaya dattijon ya ce mata, “Mama, ajiye nan tukuna, sai ranar kasuwa mu ga nawa za ta yi.”